Abin da Gara Ta Bari

Ni ne Ɗan-Baƙo baduku na Bagalam,
ɗan Jadi mai basilla.
Shekara arba'in ina zane a fatar jar akuya,
wadda majema suka jiƙa da bagaruwa,
karan dafi ya ba ta ja, kuloko ya ba ta baƙi.
Kowane zane sai na fara shi a wani littafin lakwal:
ƙafar zabuwa, sawun gafiya,
da bakin gulbi bayan ruwa ya janye.
Ni na raɗa musu suna.

Wata shekara wani falke ya sayi zabira guda,
ya tsallaka da ita ta Ɗan Isa.
Kafin kaka ta zagayo, ga zanena a kan roba,
buhu-buhu a babbar kasuwa,
da sunan wani kamfani a gindi.
Ran nan na jefa littafin a adaka, na danna kwaɗo,
na rataya makulli a wuya kamar laya.

Gara ba ta tambayar makulli.
Da na buɗe bayan damina bakwai,
rabin shafukan sun koma ƙasa.
Na nemi bakin gulbi a kaina,
kai ya ce a tambayi hannu,
hannu ya yi shiru.

Tsahara jikata, mai karatu a jami'a,
ta iske ni ina hure ƙasa daga takarda.
Ta ce, "Tsoho, akwai izinin da ake rubutawa sau ɗaya
ya ishi duk wanda zai zo:
ka ɗauka, ka kwafa, ka ƙara, ka rage,
ka sayar ma in ka ga dama,
amma ka faɗi mai shi,
kuma abin da ka ƙera da shi
ka bar shi a buɗe yadda ka iske shi."

Na ce, "Wannan ai sata ce da sallama."
Ta ce, "Ɓarawo bai taɓa jiran izininka ba.
Masu kunya kaɗai kwaɗonka ya tsare."

Kwana uku ban yi mata magana ba.
Ran na huɗu na miƙa mata littafin
ina duban wani wuri.
Ta ɗauki hoton shafi talatin da ɗaya da waya,
har da inda gara ta ci,
ta rubuta sunana da na Jadi a ƙasa.

Yanzu ƙafar zabuwa tana kan matashin kai a Tasawa,
wani magini ya shafe ta a bango a Damagaram,
maƙerin azurfa a Agadas ya lanƙwasa mata wutsiya,
abin haushi, ta fi tawa kyau.
Ɗaya ya rubuta ni Dambako, na yafe.
Wani kuwa, a garin da harshena ya kasa kamawa,
yana buga ta a riguna, babu suna, babu ko dala.
Ba zan ce bai yi mini ciwo ba.
Da dare ina lissafa rigunan,
har na gaji in yi barci.

Jiya bayan la'asar waya ta yi ƙara.
Wani yaro daga Madarunfa:
ya ga shafukan, ya gane hannun.
Ya turo hoton tsohuwar gafakar kakansa,
ta sha maiƙo, ta sha tafiya,
ɗinkin gefe duk ya warware.
A tsakiyarta ga bakin gulbi,
layi bakwai da ɗigo uku,
ashe ɗigo uku ne, ba biyu ba.

Abin da na tsare, gara ta ci.
Abin da ya fita gida, shi ya san hanyar dawowa.

Yau da hantsi na feƙe alƙalami.
Hannu na rawa, layi na biyar ya karkace.
Tsahara ta ɗaga waya.
Na ce, "Dakata in gyara."
Ta ce, "Bar shi, wani zai miƙe shi."