Ɗan Zoben da ke Juyi

Ruwa ya ɗauke a Bukur, sanyin Jos ya sauko,
mu biyar a bargo ɗaya,
dankali na tururi a faranti.
Na danna fim.
Jarumin ya buɗe baki zai tona asiri,
sai bakin ya tsaya a hangame
kamar wanda ƙayar kifi ta maƙale wa.
Ɗan farin zobe ya hau goshinsa yana juyi,
yana juyi,
akuya a turke.

Tsohuwar kwamfutar ofis ce rumbunmu.
Tana can ɗakin ajiya, tsakanin buhun acca da keken ɗinki,
na ɗura mata finafinai masu nauyi,
irin waɗanda za ka ƙirga gashin girar mutum
in dai sun yarda sun tafi.

Na tsine wa kamfanin layi.
Barira, 'yar aji biyar, ta ce, "Baba, fim ɗin a gida yake.
Daga ɗaki zuwa falo, wa ya tare shi a hanya?"
Na kashe, na kunna.
Na hure bayan rauta kamar mai fifita garwashi,
na ɗora ta kan firji, na miƙe mata ƙahonni.
Zoben bai ko san ina yi ba.

Ta tashi ta ƙwanƙwasa bango.
"Turawan kuza suka gina wannan, dutse zalla, kamu biyu.
Wayfay ba aljani ba ne da zai ratsa."

Litinin na shiga Dilimi.
Okwudili ya auno shuɗin kebul, mita talatin,
ya datse kawunan, ƙas, ƙas,
ya ce in ya ƙi aiki in dawo, amma ban da kuɗina.
Maƙwabci Gyang ya zo da injin huda bango,
baki biyu dutsen ya cinye
kafin haske ya leƙo ta ɗaya gefen.
Muka bi gindin bango da ƙananan ƙusoshi,
ni a durƙushe, gwiwa na ƙara.

Ya tafi minti goma. Ya tsaya.

Fankar kwamfuta na haki kamar mai hawan Shere.
Barira ta buɗe saiti, ta yi dariya:
"Tana sake niƙa garin da aka riga aka niƙa.
Talabijin na iya haɗiye shi yadda yake."
Ta cire alama ɗaya. Ɗaya tak.
Fanka ta yi ajiyar zuciya,
jarumi ya rufe bakinsa bayan kwana uku,
asirin ma ashe ba wani asiri ba ne.

Yanzu fim na gudu kamar ruwan kwata a Agusta.

Sai dai Iya Tasalla.
Da, zobe na fitowa sai ta gyara murya:
yadda ta ɗauki kwanon kuza tana 'yar sha biyu,
kwabo nawa ake biya,
majigin farko da ta gani a jikin farin ƙyalle,
da yadda rabin gari ya watse da jirgi ya nufo su.
Ba ta taɓa kai labari ƙarshe ba,
fim ke katse ta.
Yanzu ba mai katse fim.
Kafin a kai rabi, kanta ya langaɓe a kafaɗata.

Jiya na laluba rimot a ƙarƙashin bargo.
Hoto ya daskare.
Na ce, "Af, ya sake sarƙewa."
Barira ta dubi allo, babu zobe,
ta dube ni,
ta ɗauki dankali ta sa a baki.

Iya ta buɗe ido.
"To, ina muka tsaya? Shekarar da ramin ya rufta..."