Kifin Tunau

A Yawuri, bayan tashar jiragen ruwa,
Tunau ya tsufa da gizago a hannu.
Jirgi arba'in ya sassaƙa
kafin masunta su daina yi masa sallama.

Sai ga jikansa Nomau daga Ikko
da wani allo mai taya huɗu, ya tsage biyu.
"Kaka, gyara mini."
Tsoho ya juya shi, ya shinshina, ya ja tsaki:
"Wannan icen bai taɓa ganin ruwa ba."

Ya ɓamɓaro gefen tsohon kwalekwale,
maɗaci ne, ya sha Kwara shekara ashirin.
Boris daga garejin Manu,
yashin kogi da gam a bisa, kada ƙafa ta zame.
Ya sa ƙusa a wuta,
ya zana kifi a ciki, shaidar jiragensa.

Na farko ya ci haƙorin Nomau.
Na uku ya tsallake kwalbatin asibiti,
mai shayi ya saki ludayi yana salati.

Yanzu in la'asar ta yi sanyi
sai ka ji ƙurrr a kan kwalta,
gwiwoyi duk tabo,
har da Ige, wadda ta fi su iya juyi.
Ba sa cewa allo.
"Ara mini kifinka," suke cewa.

Tunau na kan benci yana duban yadda suke karkata.
"Haka ake tsayuwa in igiyar ruwa ta taso.
Wa ya koya musu?"