Tambayi Ganye

Baba Jatau, mai lambun fure a bakin Ƙofar Gamji,
bai taɓa buɗe littafi ba, amma ya ce mini:
"Kar ka tambayi fure sunansa.
Wannan ja ne, ƙanensa ruwan ɗorawa.
Tambayi ganye."

Na durƙusa. Bibbiyu suke, fuska da fuska
kamar masu dara,
da kauri irin na fatar da ta bar hannun majemi,
sama na sheƙi, ƙasa a dushe.
Rani ya tuɓe wa kuka riga,
wannan ko maɓalli bai kwance ba.

"To, ƙirga."
Furen a dunƙule, kai ɗaya, 'ya'ya sun fi sittin,
kowane da dogon wuya kamar allura,
leɓe huɗu a baki. Huɗu, ba biyar ba.
Ya zare zaren tsakiya, ɗigo ya biyo shi,
ya ɗora mini a harshe. Zuma!
"Igzora, in ji masu mota.
Mu dai shinge muke ce mata."

Sai ya nuna maƙwabciyarta da haɓa:
ganye uku-uku, siriri kamar aska,
leɓe biyar.
"Ita ta kashe mini akuya bara waccan.
Ita ma ba ta zubar da ganye."

Bana aka rufe shi a Tudun Wada.
Ɗansa ya sayar da tukwanen, har da butar ban ruwa.
Ni kuwa, in na wuce shingen wani a Malali,
sai in tsaya, maigadi na hararata,
ina ƙirga leɓe.