Kilo Uku a Tibilisi

Ƙarfe uku na dare a Tibilisi,
gari na barci, filin jirgi ido biyu.
Ni Otar, mai gyaran agogo a Sololaki,
shekara arba'in ina koya wa ƙarfe cika alkawari,
ga ni a layin da bai san minti ba.

Taga shida, ma'aikaciya ɗaya.
Sauran biyar wuta kawai suke sha.
Layi ya nannaɗe kamar hanjin rago,
taku ɗaya, mu tsaya,
sai ka ce masu rakiyar gawa.

Fasfona na aljihun hagu tun shekaranjiya.
Jakata kilo tara, sau biyu na auna
a sikelin mai dankalin bakin titi.

Amma dubi bayin Allah!
Saurayin can mai jar hula sai da ya kai gaban tebur
ya tuna ana tafiya da takarda.
Ya laluba ƙirji, ya laluba cinya,
ya zazzage jaka: caja, safa, rabin burodi,
ya buga waya ya tashi uwarsa daga barci,
ashe abin na maƙale a hammatarsa.

Wani mai tumbi ya bar akwati ya riƙe masa wuri,
ya fita zuƙar taba.
Mu ke tura masa da ƙafa, muna renon ɗan wani.
Can gaba mutum ɗaya zai tafi, bakwai sun shiga layi,
suna kuka, suna raba masa saƙo.

Sai ta gabana, Tsiyala,
na tsinci sunan a bakin ma'aikaciya.
Sikeli ya ce ashirin da shida,
doka ta ce ashirin da uku.
Ta durƙusa, ta feɗe akwati a tsakar jama'a:
cuku a leda, alewar inabi mai siffar kyandir,
kwalbar miya mai tsami goye cikin rigar sanyi.
Ta cire, ta mayar. Ta sake cirewa.
Ta ɗaga wannan, ta ɗaga wancan,
hannunta ya zama sikeli, kuma ya ƙi yanke hukunci.

Na duba agogon da ban taɓa kama shi da ƙarya ba.
Minti goma sha ɗaya!
Na yi gyaran muryar da ke korar yara daga shagona.

Ta ɗago.
"Bawan Allah, sai bayan shekara biyu zan dawo.
Tsohuwar da nake yi wa wanka a Atina
har yau ba ta riƙe sunana ba.
Wannan na ƙanwata ne, wannan 'yata ta dafa,
wannan maƙwabciya ta kawo da tsakar dare.
Na ga ka iya lissafi.
Wa zan bari a nan?"

Ban amsa ba. Na zuge tawa jakar.
Riga uku a ninke, reza, maganin hawan jini,
sai fili, fili fetal,
irin na ɗakina tun da aka binne Lamara.
Ita ma haka take cusa wa jaka duniya,
mu yi ta cacar baki a wannan layin,
ina cewa ta ba ni kunya.

Cukun ya kwanta kan rigunana.
Kwalbar ta ƙi zama, sai da mai jar hula ya danna gwiwa.

Ma'aikaciya ta tambaya, ko kai ba ta ɗaga ba:
"Kai ka haɗa kayanka da kanka?"
Shekara shida amsar ba ta sauya ba.
Na ce, "A gabanki aka yi, 'yata.
Yau dai an taya ni."

A bayana wani ya yi gyaran murya.
Na san irinta.
Ban duba agogo ba.