Taku Goma Sha Ɗaya a Idi-Araba

Shekara goma sha tara ina dako a Mushin,
buhun albasa a ka, kwandon tumatir a kafaɗa,
ina ratsa tsakanin danfo da danfo kamar allura a tsumma.
Ban taɓa yi wa ƙafata sannu ba,
na ɗauka ba ta cikin masu gazawa.

Sai wata Talata, a kan matakalar gada,
ta hagun ta ce ba ta san ni ba.
Na kira ta, ta yi kunnen uwar shegu.
Na riƙe ƙarfe, Ikko tana wuce ni
kamar ruwan kwata bayan an sheƙa na sama.
Ranar na fara sanin ɗanɗanon tsayawa.

Da dare kuma ta farka ita kaɗai,
ta miƙe, ta sandare,
ta kama kaɗawa kamar janareton maƙwabci,
ni da gadon muna ta rawa.

Likitar gaɓɓai, Morenike sunanta,
Hausarta na ɗingishi kamar ƙafata,
amma mun fahimci juna.
Ta ce, "Baba Sallau, kaɗan-kaɗan.
Jijiya ba jaki ba ce, bulala ba ta tashinta.
Ka miƙe ƙafar a hankali, ban da fizga,
ka ƙirga ashirin kana numfasawa.

In ta fara karkarwa kada ka yi kokawa da ita,
zauna, dasa tafin a ƙasa, jira ta huce.
In zafi ya soke ka, ko jiri ya zo,
aikin yau ya ƙare, ba abin kunya a dakatawa."

Na ce to. Amma to ɗin ɗan dako ne.
Ran nan da azahar, rana na narka kwano,
babu kowa a gida,
na zura silifas, na saki bango,
na ce yau sai taku talatin.
A na sha huɗu simintin bakin famfo ya karɓe ni.
Kwana uku ina kallon silin,
ina bitar karatun da na koya a faɗuwa.

Yanzu da asuba nake yi, kafin gari ya ɗau zafi.
Kuluwa, autata, ta naɗe tabarma ta kau da bokiti,
ta goge inda ruwan daren jiya ya leƙo,
ta ɗaure mini igiyar takalmi tamau.
Kofin ruwa a kan taga,
kujerar katako ta jingina da bango, ba ta zamewa.

Tashi, zauna. Tashi, zauna.
Sau biyar, sai hutu.
Na ɗaga dunduniya, hannuna a kan kujera,
na sauke ta kamar mai ajiye kwandon ƙwai.
Kuluwa na gefen hagu, ba ta taɓa ni,
amma hannunta a buɗe yake,
bakinta na ƙirgawa.

Akwai ranar da ƙafar ke tashi da fushi,
ko taku uku ba ta ba ni.
Na daina ce mata maciya amana.
Wadda ta ɗauke ni shekara goma sha tara ba lada
ta ci bashin a yi mata lallaɓawa.

Gammona na da, wanda ya sha buhu dubu,
shi nake sa wa ƙarƙashin gwiwa in na kwanta.
Jiya Barmo ya leƙo da warin albasa a rigarsa,
ya ce, "Yaushe za ka dawo?"
Na nuna masa bangon zaure,
inda yarinyar ke ja da gawayi:
bakwai, bakwai, huɗu, tara,
yau goma sha ɗaya.
Ya ce, "Daga nan zuwa famfo ke nan."
Na ce, "E. Har da dawowa."