Yatsu Uku da Rabi

Wata bakwai tana rataye a ƙusa
bayan ƙofa, tsakanin laima da tsohuwar kalanda.
Da na sauke ta yau da la'asar
sai na ji wani abu na kwaramniya a ciki:
zanzaro ne ya yi gini,
ɗaki biyu, da lakar bakin rijiyarmu.
Ban yi fushi ba.
Gidan da mai shi ya yi nisa ba ya rasa ɗan haya.

Abin da na tuna kaɗan ne.
Hanyar Ɗan Isa, ruwa ya ɗauke ke nan,
motar albasa mai ido ɗaya,
babur ya yi gabas, ni na yi yamma.
Albasa na gudu a kwalta kamar an tashi ƴan makaranta,
wata murya na ta cewa, kar ku ja hannun, kar ku ja.

A babban asibiti Likita Tsahiru ya buɗe hagun ɗina
kamar tela na warware ɗinkin wani,
ya shimfiɗa ƙarfe, ya ɗaura kusoshi shida, ya rufe.
Ya ɗaga hoton a hasken taga, na ga kaina:
ƙyauren da kafinta ya yi wa ɗori.
Na ce, jita fa?
Ya ce, fara riƙe cokali tukuna.

Na riƙe cokali. Na riƙe buta, ta faɗi, na sake.
Barira kan zuba gyaɗa a faranti da safe
in tsince ɗai-ɗai in kai kwano,
yara na ƙirga mini da ƙarfi,
auta na cinye lissafin.

Ranar da na ɓalla maɓallin rigata da kaina
ban gaya wa kowa ba.
Na fita har bakin kasuwa na dawo, a ɓalle.

Yanzu ga ta a cinyata, ta yi nauyi, ko ni ne.
Tsarkiya sabuwa, Ɗanjimo direba ya kawo daga Kano,
ya ƙi karɓar ko dala.
Kantar da na shekara ashirin ina tarawa a bakin yatsu
ta tafi ba sallama,
fatar ta koma ta jinjiri.
Manuni ya gane hanya. Na tsakiya ya bi shi.
Na zobe yana zuwa, amma a makare,
kamar mai bin jam'i daga sahun baya.
Ƙaramin kuwa ya tsaya a miƙe,
baƙo ne da ba ya jin yaren gari.

Na kaɗa.
Ma'azu mai shayi ya leƙo ta katanga:
wa ke yanka zabo ba a gayyace mu ba?
Na yi dariya har ɗinkin ya tuna mini da kansa.

Na sake. Na sake.
Zafi ya hau daga wuyan hannu zuwa kunne,
ya zauna, muka saba.
Can wajen karo na goma sha wani abu
sauti uku suka fito a jere, tsab,
ba wanda ya taka wani.
Uku kacal.
A tsakar gida keken ɗinkin Barira ya tsaya.
Ba ta ɗago kai ba,
ta dai daɗe tana neman ramin allurar da ke da zare.

Ƙarfen ya fara tsami, hadari na haɗuwa ta wajen Tibiri,
yanzu hannuna na riga rediyo sanin ruwa.
Na jingine ta a gefen katifa, inda zan kai da dare.
Zanzaro ya shigo da laka a baki,
ya kewaya ƙusar sau biyu,
ya kewaya ni.