Sunan Faifai Na Biyu

Takardar ta iso ranar Talata da hantsi,
aka manna ta a ƙofar ɗakin gwaji, a Samaru:
faifan da ke ba da umarni a cikin kwamfuta
a daina kiransa ubangida,
wanda ke biye a daina kiransa bawa.
Baƙin jeri da farin jeri su ma a nema musu suna.

Hashimu ya karanta yana ɓare gyaɗa.
Ya ce, rigimar Amurka ce ta hau jirgi
ta ɓace hanya, ta sauka a Zariya.
Ƙarfe bai san gori ba.
Mu da wutarmu ba ta kai azahar,
mu da janareta ke tari kamar tsohon mashayin taba,
sunan faifai ne ya hana mu barci?

Madam Rifkatu ta cire tabarau, ta goge da gefen zane.
Ta ce, shekara goma sha tara
ina rubuta kalmar nan a allo,
ban taɓa juyowa na dubi fuskokin yara ba.
Na san ba za ta cika cikin kowa ba.
Amma mai share ƙofar gida
bai ce ya gina gidan ba, shara ya ce ya yi.

To a soke baƙin ciki, in ji Hashimu,
a kai farin jini kotu!
Wani ɗalibi daga can baya ya ce,
Malam, farar ƙafa fa, wa ke roƙonta?
Baƙar ƙasa ke ba da dawa,
kuma da baƙi aka rubuta takardar da kuke musu a kai.
Aka bushe da dariya. Shayi ya huce.

Ni ina tsaye da sukudireba a hannu,
ban ce uffan ba.

Kakata sunanta Nagode.
Ba uwarta ce ta zaɓa ba.
A rinji aka haife ta, gabas da birni,
mai gonar ya ji labarin haihuwa, ya faɗi abin da ya faɗa,
ya zama suna.
Har ta mutu ba ta san garin da aka ɗauko uwarta ba,
sai dai ta ce, akwai duwatsu, wai.

Shekarar da yayana ya nemi aure a Tudun Wada
an karɓi goro, an yi fatiha,
sai wani dattijo ya tafi binciken asali.
Kwana tara goron ya dawo a ƙwarya,
ko ɗaya ba a ɓantara ba.
Babu wanda ya furta kalmar.
Ba a bukatar furta ta.

Shekara ashirin ke nan muna cin kwano ɗaya da Hashimu.
Ya dafa kafaɗata ya ce,
Tanimu, faɗa musu, ai mu nan ba mu da wannan matsalar.

Na so in ce masa yana da gaskiya rabi:
takarda ba za ta mai da goron nan ba,
kuma waɗanda suka rubuto ta ba su san rinji ba,
ciwonsu suke jinya, ba nawa ba.
Na so in ce, bakaniken Kwangila
da ke gyara mini kulocin mota
na sama da na ƙasa yake kiran silindojin nan biyu,
bai taɓa zaman kwamiti ba, kuma mota tana tashi.

Ban faɗa ba.
Na ɗauki alƙalami, na rubuta a jikin faifan: na farko.
A ɗayan na tsaya.
Hannuna ya ɗan yi rawa, kamar na wanda aka miƙa wa jariri
aka ce, kai za ka raɗa.

Sai aka kawo wuta.
Fanka ta motsa, takardar ƙofa ta kaɗa,
faifan biyu suka fara juyawa a cikin akwati,
da kunne ba ka iya bambance ƙararsu.